Alat ɗin bogi da sauran hanyoyin da ake cutar masu sayar da kaya ta intanet a Zariya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in ja hankalin 'yan'uwa masu neman halaliyarsu ta hanyar tallata kaya a waya. Duk lokacin da aka tashi gargaɗi kan damfarar intanet, mai saye ake yi wa magana, a ce kada ya tura kuɗi sai ya ga kaya. Mai sayarwa kuwa an bar shi a baya, alhali shi ma ana cutarsa kullum, kuma tasa asarar ta fi ciwo, domin jarinsa ne ke tafiya ɗungurungum, sannan kunya ta hana shi faɗa.

Zariya gari ne da wannan ciniki ya kafu sosai. Ɗaliban ABU a Samaru da Kongo, da na Nuhu Bamalli da na kwalejin ilimi, duk ƙarshen zango sai ka ga suna tallata waya da kwamfuta da katifa da tukunyar gas a kasuwannin intanet na Jiji da Facebook Marketplace. Matan aure a Tudun Wada da Gyallesu da Hanwa suna sayar da atamfa da leshi da turaren wuta da humra daga cikin ɗakunansu ta sitatus ɗin WhatsApp da Instagram. Masu aikin hannu na cikin birni suna aika manyan riguna da huluna Abuja da Legas ga mutanen da ba su taɓa gani ba. Hatta masu hatsi da ke sari a Giwa da Makarfi da Soba sun koma karɓar oda ta waya. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan canjin fasalin naira, taransifa ta zama ruwan dare, har mai rake da mai awara suna da lambar asusu a manne jikin faranti. Wannan sauƙi ne daga Allah. Sai dai mutane da yawa sun rungumi taransifa ba tare da sun san yadda take aiki ba, kuma ta wannan kafa ɗan damfara ke shigowa.

Idan mutum ya tura maka kuɗi daga wani banki zuwa naka, saƙon yana bi ne ta NIBSS, kamfanin da ke haɗa bankunan ƙasar nan, a kan tsarin biyan nan take da ake kira NIP wanda aka fara a 2011. In komai lafiya, daƙiƙoƙi ne kuɗin ke ɗauka. Abubuwa uku ke fitowa daga wannan aiki. Akwai rasit a wayar mai turawa, akwai saƙon tes na alat a wayar mai karɓa, akwai kuma kuɗin kansu a cikin asusu. Biyun farko labari ne kawai game da kuɗi, kuma duk ana iya ƙirƙirarsu. Rasit hoto ne. Yaro mai ƙaramar waya zai iya ɗaukar tsohon rasit ya canza suna da adadi da kwanan wata, akwai ma manhajojin da aikinsu ke nan, su fitar da rasit mai tambarin kowane banki da launinsa. Saƙon tes kuwa ana aiko shi ta kafofin aika saƙonni da yawa, inda mai aikawa ke rubuta sunan da ya ga dama a gurbin lambar waya. Wani lokaci sunan yana da kuskuren harafi ɗaya, wani lokaci ya yi daidai da na banki har wayarka ta jera shi cikin layin tsofaffin alat ɗinka na gaskiya.

Mutane sukan ce a duba balans ɗin da ke ƙasan saƙon, in bai yi daidai da abin da ke asusu ba to bogi ne. Wannan yana kama wasu, domin ɗan damfara bai san nawa ka ajiye ba, sai ya yi shaci-faɗi ko ya bar wurin babu komai. Amma kada a dogara da shi. Akwai wanda zai fara tura maka N200 na gaskiya wai yana gwada asusun, ya leƙa wayarka lokacin da kake dubawa ya ga balans, sannan ya haɗa lissafinsa ya aiko na bogi daidai wa daida. Akwai kuma wanda zai turo kuɗi na gaskiya amma kaɗan, a ce N1,500, ya rubuta 150,000 a gurbin bayani. Ido na sauri ya ga babbar lamba, zuciya ta kwanta. Sifili ɗaya da waƙafi ɗaya sun sha raba mutane da jarinsu.

Hanyar tabbatarwa ɗaya ce. Ka buɗe manhajar bankinka a kan wayarka, da hannunka, ka shiga jerin shige da fice na asusu, ka ga kuɗin a can da sunan wanda ya turo da adadi da lokaci, sannan ka duba kuɗin da za ka iya cirewa ka ga sun ƙaru da daidai wannan adadin. Wanda ba shi da data ko babbar waya ya yi amfani da lambar bankinsa, *737# ga GTBank, *901# ga Access, *894# ga First Bank, *919# ga UBA, *966# ga Zenith, sauran bankuna da su OPay da Moniepoint da PalmPay kowa da tasa. Ya kyautu mai sayarwa ya san abin da ke asusunsa kafin a fara ciniki, domin in ba ka san nawa ne da safe ba, ba za ka gane ƙari da yamma ba. In kuɗin masu nauyi ne, irin na babur ko buhunan masara hamsin, ka ƙara mataki ɗaya, ka tura wani ɓangare zuwa wani asusunka ko ka cire kaɗan a wajen mai POS. Kuɗin da suka motsu, su ne kuɗi.

Duk mai sayarwa ya san wannan, ko ya taɓa ji. To me ya sa har yanzu ake cuta? Kunya ce da gaggawa, kuma ɗan damfara ya fi sanin halinmu fiye da yadda ya san kwamfuta. A ɗauki misalin shagon waya a unguwar PZ ta Zariya, ranar Juma'a ana shirin kiran magariba. Mutum ya tsaya da mota, shadda tana ƙyalli, turare ya cika shago. Tun safe ya yi magana ta WhatsApp kan wayar N280,000 da ya gani a talla. Bai yi tayi ba, bai jira a ce albarka ba, kuɗin da aka faɗa ya ce ya saya. Ya danna wayarsa, ya juyo da ita ya nuna rasit, sai ga ƙarar tes a aljihun mai shago. Yana riƙe da kwalin a hammata yana cewa, "Alhaji, ka ga alat ko? Kano zan kama, iyali na mota." Manhajar banki tana ta juyawa ta ƙi buɗewa, ga masu saye biyu suna jira, ga ladan ya fara. Mai shago ya dubi shaddar, ya dubi motar, ya ji nauyin ya ce wa babban mutum ya tsaya. Ya ce, "Ba komai ranka ya daɗe, Allah ya kiyaye hanya." An zaɓi wannan lokacin ne da gangan, domin banki ya rufe sai Litinin, kuma sabis kan yi nauyi da yamma. Rashin tayin ma alama ce. Wanda zai biya da guminsa yakan nemi ragi ko na N5,000 ne.

Maganin wannan kunya shi ne a mayar da abin ƙa'idar shago tun kafin a fara magana, yadda ba wanda zai ji an zarge shi. A rubuta a jikin talla da bangon shago cewa ba a sallama kaya sai kuɗi sun bayyana a asusu. Kayan su zauna a bayan kanta har a gama dubawa, kada su shiga hannun mai saye ko but ɗin mota. In ya nuna ɓacin rai, a ba shi kujera da ruwa a ce, "Ka yi haƙuri Alhaji, haka tsarin yake ga kowa." Mai gaskiya zai zauna, shi ma ɗan kasuwa ne ko ɗan'uwan ɗan kasuwa. Wanda ya fara ɗaga murya yana cewa an raina shi, ko ya ce zai bar katin shaida ko mukullin wata mota jingina, a ƙara riƙe kayan da kyau. Yaran shago da 'yan aike na gida su ma a gaya musu wannan da babbar murya, domin sau da yawa sai an ga maigida ya fita masallaci ake zuwa.

Dole kuma a yi adalci. Sabis yana tsayawa da gaske, kuma akwai mai saye na kirki da za a cire masa kuɗi ba su isa ba. Ga yadda ake rarrabewa. Kowace taransifa tsakanin bankuna biyu tana da doguwar lamba mai alƙaluma 30 a jikin rasit, wadda ake kira lambar seshan. Ka karɓi wannan lamba ka kira bankinka ta lambar da ke bayan katinka, ko ka shiga reshe, za su duba su gaya maka ko akwai irin wannan saƙo a hanya. In taransifar ta faɗi, kuɗin wajen mai turawa suke komawa, galibi cikin awa 24, ba wajenka za su ƙaraso ba. Saboda haka rasit mai nuna cewa ana kan aiki ba hujja ba ce ta sakin kaya. A rubuta takarda, a ajiye masa kayan da sunansa, in kuɗi sun shigo ya dawo ko a aika masa. Ka kuma duba naka ɓangaren, domin ƙaramin asusu na matakin farko, wanda aka buɗe ta waya ba tare da cikakkun takardu ba, yana da iyaka. Ba ya riƙe fiye da N300,000 gaba ɗaya, kuma abin da ke shiga a lokaci guda ma an ƙayyade shi. Mata da yawa masu sayar da kaya daga gida irin wannan asusu suke da shi, sai babban ciniki ya zo kuɗi su ƙi shiga, a yi ta zargin juna. A je a ɗaga matakin asusun da BVN da NIN da shaidar adireshi tun kafin ranar.

Akwai wasu dabaru biyu da rasit ɗinsu na gaskiya ne amma babu kuɗi. Ɗaya ita ce taransifar da aka tsara ta tafi gobe ko jibi. Manhaja za ta nuna an karɓi umarni, ya nuna maka, yana fita ya soke. Ɗayar ita ce ta cek. Mutum ya je banki ya saka cek na wani bankin a asusunka, alat na gaskiya ya shigo daga bankinka, adadin ya bayyana a lissafin littafi, amma bai shiga kuɗin da za ka iya cirewa ba sai an tantance cek ɗin a ranar aiki ta gaba. In asusun mai cek babu komai, sai a janye adadin. Masu sayar da mota da hatsi da dabbobi aka fi yi wa wannan, kuma ranar Juma'a ko jajiberin hutu. Bayar da cek na bogi laifi ne tun dokar 1977, amma tirelar masara ta riga ta wuce Kwangila.

Wanda ya fi duk waɗannan haɗari, a ganina, shi ne inda kuɗin suka shigo da gaske amma ba na mai sayen ba ne. Ga yadda ake ƙulla shi. Wata baiwar Allah a Samaru ta sa kwamfuta a kasuwa kan N350,000. Ɗan damfara ya kwafi hotunan ya sake tallata su a wani shafi kan wannan kuɗin ko ƙasa, ko ma ya tallata wani abu dabam, kamar hayar ɗaki. Wani mutum a Ibadan ya yarda zai saya, sai ɗan damfara ya ba shi lambar asusun matar Samaru. Ya tura. Ɗan damfara ya kira ta ya ce, "Hajiya, ƙanena ya turo miki kuɗin, ga ɗan acaɓa nan zai karɓa." Ta duba manhaja, kuɗi sun shiga cif. Ta ba da kaya. Bayan kwana uku mutumin Ibadan ya ga ba kaya ba labari, ya kai ƙara bankinsa da 'yan sanda, kuma sunan da ke kan rasit ɗinsa nata ne. Sai a sa wa asusunta takunkumin hana cire kuɗi, wanda ma'aikatan banki ke kira PND, ta je sayen cefane kati ya ƙi aiki. Ga kwamfuta ta tafi, ga kuɗi an riƙe, ga ta tana amsa tambayoyi kamar mai laifi. Haka abin yake idan kuɗin daga asusun da aka yi wa kutse ne ko wayar da aka ƙwace.

Kariya a nan ita ce suna. Kafin ka ba da lambar asusu, ka tambayi mai saye cikakken sunan da zai fito a taransifar, ka sa ya rubuta a hirarku. In kuɗi sun zo da wani suna, tsaya. Ba kowane saɓanin suna ne damfara ba, miji kan biya wa mata, wani kuma a wajen mai POS yake turawa. Amma sai ka yi magana da mai asusun da kanka, ta kiran bidiyo in da hali, ka tambaye shi abin da yake saye da wanda za a ba. Tambaya ɗaya, "Malam, kuɗin me ka turo?", ta isa ta warware ƙullin, domin mutumin Ibadan zai ambaci wani abu ko wani suna da ba ka sani ba. In an hana ka lambarsa, kada ka saki kaya, kada kuma ka taɓa kuɗin, ka sanar da bankinka a rubuce.

Daga wannan reshe ne dabarar "na yi kuskure na tura fiye da ƙima" ta fito. Kayan N40,000 ne, sai a turo alat na N400,000, a biyo da kira ana kuka ana haɗa ka da Allah, wai kuɗin asibiti ne, ka mayar da N360,000 ta wannan asusun. In alat ɗin bogi ne, daga aljihunka ka biya. In kuɗin sun shigo da gaske, to akwai yiwuwar na sata ne ake son a wanke ta hannunka, shi ya sa asusun da za a ce ka mayar ba shi ne wanda ya turo ba. Kuɗin kuskure amana ne, dole a mayar, amma ta hanyarsu. Ka je bankinka ka rubuta takarda a mayar da su asusun da suka fito, ka riƙe kwafi. Ko da rantsuwa da kuka sun kai ina, kada ka tura wa asusu na uku.

Sai maganar aika kaya ta tasha, wadda yawancin cinikin Zariya da sauran garuruwa ya dogara a kanta. Mai saye daga nesa zai ce ka kai kaya mota, ka turo masa hoto da lambar direba, shi kuma ya tura kuɗi nan take. Da zarar ya sami lambar direba ya gama da kai. Zai kira direban a matsayin mai kaya, ya tare shi tun kafin tasha, a Maraban Jos ko Zuba, ya biya kuɗin mota ya karɓa. Direba ba shi da laifi, wanda ya kira shi ya faɗi sunan da ke jikin kwali. Don haka lambar direba ba ta fita sai kuɗi sun cika. In an yi yarjejeniyar biya bayan an ga kaya, a karɓi kafin alƙalami da zai rufe kuɗin mota zuwa da dawowa da wani abu a kai, a rubuta lambar wakilinka a jikin kwali maimakon ta mai saye, wakilin ya karɓa ya kai, ya tsaya har ka tabbatar masa daga nan cewa kuɗi sun shiga. Kusan kowane Bazazzagi yana da ɗan'uwa ko abokin kasuwa a Kano da Abuja da Legas, a ba shi la'adarsa ya yi wannan aikin, ya fi cinikin biri a sama. A kuma yi lodi a cikin tasha ta hannun 'yan kamasho masu rubuta saƙo a littafi, da lambar mota da sunan direba. Motar bakin titi ta fi araha, amma ranar da kaya suka ɓace ba ka da wanda za ka riƙe. A ɗauki bidiyon kayan suna aiki da lokacin naɗe su, saboda masu karɓa su musanya da lalatacce su ce haka aka aiko.

Wani nau'in kuma ba kayanka yake so ba, asusunka yake nema. Zai ce ya tura kuɗi amma sun maƙale, an aiko maka wata lamba ta tes, karanto masa domin su sauka. Ko ya turo mahaɗin wani shafi mai kama da na kasuwar ko na kamfanin aike, a ce ka shigar da lambar katinka da lambobi ukun da ke bayansa domin karɓar kuɗinka. A riƙe wannan da kyau: abin da ake buƙata a biya ka shi ne lambar asusu mai alƙaluma 10 da sunan banki, shi ke nan. OTP, wato lambar da banki ke aikowa ta tes, da lambar sirri da lambar kati da BVN duk na fitar da kuɗi ne, ba a karɓar kuɗi da su. Lamba mai alƙaluma 6 da za ta shigo daga WhatsApp kuwa, in ka karanta wa wani, ya ɗauke shafinka ya shiga bin kwastomominka da danginka yana ba su wata lambar asusu da sunanka. Duk mai kasuwanci a WhatsApp ya shiga saituna ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu yau ɗin nan, minti biyu ne. Masu aikin hannu da fata su kuma kula da wanda zai ce yana Ingila ko Amurka, zai biya da dala, sannan imel ya zo da tambarin PayPal ko wani banki cewa an riƙe kuɗin sai ka turo shaidar aika kaya ko ka biya wani kuɗin canji. Imel ɗin shi ya rubuta abinsa.

Yana da kyau asusun kasuwa ya zama dabam da na ajiya, a riƙa kwashe abin da ya taru duk yamma. A sa wa layin waya lambar sirri ta SIM, domin wanda ya sace waya ya zare layin ya sa a wata, da shi zai shiga asusu. A haddace lambar rufe asusu cikin gaggawa, wadda ake iya bugawa daga wayar kowa, irin su *901*911# na Access da *894*911# na First Bank da *966*911# na Zenith, kowa ya tambayi bankinsa tasa. Mai karɓar kuɗi da na'urar POS ya duba allon na'urarsa da manhajarsa, kada ya tsaya ga takardar da ta fito, domin ana iya sake buga tsohuwa, kuma takardar da aka ƙi biya kamarsu ɗaya da wadda aka biya in ba a karanta ba.

In za a haɗu da mai saye ido da ido, a zaɓi wuri mai jama'a da rana, harabar banki ta fi, ko bakin ƙofar makaranta inda masu gadi suke, ko shagon wani da aka sani a Sabon Gari. Kada mace ta ba baƙo kwatancen gida, ta tura ɗa ko ƙane, ko ta ajiye kayan a shagon unguwa. Mai sayar da waya ya zare layi da katin ajiya, ya fita daga asusun Google ko iCloud, ya goge komai, sannan ya buga *#06# ya rubuta lambar shaidar wayar mai alƙaluma 15, wadda ake kira IMEI, a takardar ciniki tare da suna da lambar waya da sa hannun kowa. Wasu na ganin rubutu rashin yarda ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, ba mu fi waɗanda aka fara yi wa wannan umarni amana ba.

Idan kuma ƙaddara ta riga fata, mintuna na farko su ne masu tsada. In kuɗi ne suka fita daga asusunka, ka rufe shi, ka kira banki nan take ka ba su lambar seshan domin su nemi bankin da ya karɓa ya riƙe kuɗin kafin a kwashe, sannan ka bi da takarda a reshe ka karɓi lambar ƙorafi. Mayar da kuɗin yakan buƙaci rahoton 'yan sanda, sau da yawa har da umarnin kotu. In banki ya yi mako biyu bai warware ba, ana kai ƙara sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya, CBN. In alat ɗin bogi ne, gaskiya mai ɗaci ita ce banki ba shi da abin da zai dawo da shi, tunda ko kwabo bai motsa ba. Abin da ya rage shi ne bin sawun mutumin, don haka kada a goge komai cikin fushi: hirar, lambar wayarsa, hoton shafinsa kafin ya rufe, saƙon tes ɗin, lambar mota, IMEI. A kai wa 'yan sanda, a rubuta wa EFCC da ke da ofishin shiyya a Kaduna, a kuma kai rahoton shafin ga kasuwar da aka haɗu. Dokar zamba ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ba zaɓin tara ga wanda ya karɓi dukiya ta hanyar yaudara, ga kuma dokar laifukan intanet ta 2015 da aka yi wa gyara a 2024. A kuma yi hattara da masu biyowa baya, waɗanda da zarar ka yi cigiya a Facebook za su ce su ƙwararru ne ko jami'ai, ka biya kaza su dawo maka da kuɗinka. Sau da yawa abokan na farko ne.

Malam Edita, roƙona ga shugabannin kasuwannin Sabon Gari da Tudun Wada da Samaru da ƙungiyar masu sayar da waya shi ne su buɗe zaure ɗaya na WhatsApp inda za a riƙa sanya lamba da salon duk wanda ya gwada wannan aiki, bayan shugabanni sun tantance domin kada a ɓata sunan mai gaskiya, saboda mutum ɗaya kan zagaya shago biyar a yini da labari ɗaya. Shugabannin direbobi su umarci 'ya'yansu kada su sauke saƙo a hanya sai sun kira wanda ya yi lodi. Bankuna da kamfanonin kuɗi na waya su riƙa aiko gargaɗinsu da Hausa, har da saƙon murya, domin da yawa daga cikin iyayenmu mata masu sana'a ba sa karanta dogon Turancin da ake turo musu. Malaman Islamiyyun matan aure su ba da ko minti goma a nuna yadda ake duba asusu a waya. Ku kuma 'yan jarida ku ware wani gurbi da waɗanda aka cuta za su bayyana yadda aka yi musu ba tare da an buga sunansu ba.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Tudun Wada, Zariya.